Idon da Ya Makance a Sito

Mai Ƙararrawa ya ratsa tsakiyar siton daga ƙofa har bango, ya waiga ya dubi kusurwar sama. Ko alama. Ya sake ratsawa, wannan karon yana kaɗa hannuwa kamar mai korar kaji. 'Yar jar fitilar da ya kamata ta ƙifta ta yi masa kunnen uwar shegu.

Sana'arsa ke nan, kafa ƙararrawar ɓarayi a gidaje da shaguna, da zagayowa lokaci-lokaci ya duba lafiyarta. Ɗan farin akwatin da ke maƙale a kusurwa, wanda bai fi tafin hannu ba, shi suke kira ido. Ba siffar mutum yake gani ba, ɗumin jikinsa yake ji. In an rufe shago an kunna na'ura, abu mai ɗumi ya gifta ta gabansa, sai jiniya ta ɗauka har maƙwabta su firfito. Shi kuwa mutumin naku ba ya yarda da abin da akwatin na'ura ya nuna masa. Da ƙafarsa yake gwaji. Sai ya bi ta gaban kowane ido ya ga ya ƙifta masa, sannan hankalinsa yake kwanciya.

Wannan shagon na kekunan ɗinki ne. Idon da ke gaba, wajen masu ciniki, lafiyarsa lau. Na sito ne ya makance, inda sababbin kekuna suke jibge cikin kwalaye har kusa da rufi. Ya je ya gwada na ƙofar baya, wadda ke fita lungu. Shi ma haka.

Ya jingina tsani ya hau, ya buɗe murfin. Waya tana nan daram, wuta na shiga, babu saƙar gizo-gizo, babu gidan zanzaro. To, me ke nan? Ya shafa farar robar da ke fuskar idon, sai ya ji ta sumul, tana wani ƙyalli da bai san ta da shi ba. Ya sa farce ya kankara. Wani ɗan ɓawo garai-garai ya ɓare ya maƙale masa a farce.

Nan take ya gane. Feshi aka yi wa idon. Ka dube shi daga ƙasa ka rantse sabo ne fil, amma ɗumin mutum ba zai ratsa wannan ɓawon ba. Wannan ba aikin ƙura ba ne, ba aikin ɓera ba. Aikin mai hannu ne, mai hannun da ke shiga siton da rana tsaka lokacin da na'ura take kashe.

Shi fa Mai Ƙararrawa Allah ya yi shi da surutu. In ya fara labarin aikinsa, abinci sai ya huce a gabansa. Kwanakin baya yana zaune a falo ya baje wa iyalinsa yadda ɓarayi masu wayo suke yi: su shigo kamar masu ciniki, su faki ido su fesa wa na'ura man ƙyalli, su dawo daga baya su kwashe kaya a tsanake. Matarsa har tana cewa ya isa haka, kada yara su koya. Wa ke kishingiɗe a doguwar kujera ran nan, yana ƙyalƙyala dariya yana cewa, "Mijin Yaya, ashe kai ne malaminsu"? Auta ne, ƙanin matarsa. Kuma Auta ne ke riƙe da makullan siton nan.

Shi Mai Ƙararrawan ne ma ya kawo shi aikin. Auta ba yaro ba ne, magidanci ne har da 'yarsa, amma ya taɓa barin wani wurin aiki ba girma ba arziki. Kaya suka ɓace, aka nuna shi da yatsa, ba a kama shi da komai ba, aka dai sallame shi. Ya daɗe yana zaman kashe wando, dangi suna yi da shi a bayan ido. Mai Ƙararrawa ne ya riƙo hannunsa ya kai shi gaban Mai Kekuna, mai shagon nan, ya bugi ƙirji ya ce, "Ranka ya daɗe, in allura ta ɓace a hannunsa, ni za ka kama." Matarsa har kuka ta yi ran nan don murna.

Yanzu ga shi tsaye a kan tsani da ɓawon feshi a farce. In kekunan nan suka yi ƙafa, sunansa ya ɓaci a sana'a, Auta kuwa ya gama yawo a dangi har abada.

"Mijin Yaya! Ka mutu ne a can sama? In kira masu ɗauka?"

Auta ne ya leƙo, makullai na rawa a ƙugunsa.

"Ina zuwa," in ji shi a taƙaice.

Mai Kekuna ya fita karɓo kaya tun safe, don haka su biyu ne a shagon. Mai Ƙararrawa ya sauko ya koma gaba, ya buɗe akwatin na'ura wai yana duba batir, alhali idonsa na kan Auta. Kai, zargi mugun abu ne. Da ya shiga zuciyar mutum, komai sai ya zame masa shaida. Takalmin ƙafar Auta sabo ne. Yaushe ya saya? Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya fita bakin titi ya amsa yana magana ƙasa-ƙasa. Me ya hana shi amsawa a nan? Wani dogo mai hular sanyi ya shigo, ya tambayi kuɗin keke, ya zagaya, ya leƙa hanyar sito, ya fita bai sayi ko zare ba, kuma da zai fita sai da ya ba Auta hannu. Mai Ƙararrawa ya matso kusa da Auta.

"Wane ne wancan?"

"Oho. Mai taya kaya ne, kullum sai irinsu goma sun shigo."

"Na ga kun gaisa."

"To, in mare shi?" Auta ya yi dariya. "Yau kuma da wace ka tashi? Ko Yaya ta hana ka abin kari ne?"

Mai Ƙararrawa ya koma sito yana dube-dube, shi kansa bai san abin da yake nema ba. Can bayan wasu kwalaye, a kanta ta ƙasa, ya ci karo da shi: gwangwanin feshi, na man ƙyallin nan marar launi da kafintoci ke fesa wa katako. Ya girgiza, saura kaɗan a ciki. Ya fesa a kwali ya sansana. Warin da ke farcensa ne sak.

Da mai haƙuri ne, da ya jira mai shago. Amma a ganinsa ai rufin asiri zai yi, a kashe wutar tun ba ta kama ba, a cikin gida.

"Auta! Zo nan. Turo ƙofar."

Auta ya shigo yana murmushi, ya ga fuskar mijin yayarsa, murmushin ya tsaya.

"Mene ne wannan?"

"Man feshi ne."

"Na san man feshi ne, ai ba makaho ba ne ni. Me yake yi a sitonka?"

"Ban sani ba. Kayan Maigida ne da yawa a nan ƙasa, ba na taɓawa."

"Ba ka taɓawa. To, aljanu ne suka hau tsani suka fesa wa idon nan? Suka je suka fesa wa na ƙofar baya? Suka bar na gaba, inda mutane ke gani?" Ya ɗaga masa gwangwanin. "A falona ka ji yadda ake yi. A falona, kana cin abincina! Yaushe kuka shirya zuwa, kai da mai hular sanyin?"

Auta ya dubi idon da ke kusurwa, ya dubi gwangwanin, sannan ya dube shi. Bai yi rantsuwa ba, bai ɗaga murya ba. Wannan ma sai ya ƙara tunzura Mai Ƙararrawa, don a ganinsa mai gaskiya ai tsalle zai yi.

"Ka yi magana mana! Wancan karon ma haka ka yi tsuru-tsuru, muka bi gari muna wanke ka. Wannan karon ba za ka ja ni ƙasa ba. Ba ni makullan. Zan sauya robar, in ce wa mai shago ka samu wani aiki. Ba wanda zai ji, ko yayarka."

Auta ya kwance makullan daga ƙugunsa a hankali, ya ɗora a kan kwali. Ya buɗe ƙofar baya ya fita.

Mai Ƙararrawa ya ɗauko sababbin robobi daga jakarsa ya hau tsani. Zuciyarsa na tafasa, amma can ƙasa yana jin wani ɗan sanyi, wai shi ya ceci gida. Yana cikin ɓalle tsohuwar robar ya ji ƙarar mota a waje, sai ga Mai Kekuna ya shigo da tumbinsa, yana fifita da hula.

"A'a, Injiniya! Sannu da aiki. Ka ga yadda na gyara maka 'ya'yanka?"

"Wane gyara, ranka ya daɗe?"

"Idanun nan mana! Na ga robar ta fara yin ja-ja-ja kamar tsohon haƙori, na ce a'a, abu mai tsada haka ba zai lalace ina kallo ba. Ran da ba mu buɗe ba na zo da kaina, na hau kujera, na fesa musu man da nake fesa wa teburan keke. Dubi yadda suke sheƙi! Na gaban ne kawai ban kai ba, ya yi mini nisa, ga gwiwa. In ka gama ka fesa masa, akwai saura a gwangwani."

Mai Ƙararrawa ya riƙe tsani da hannu biyu. Da ƙyar ya iya bayyana wa mutumin cewa man ya toshe idon, tun ran da aka fesa shi siton yake a buɗe ga duk wanda ya ga dama.

Mai Kekuna ya dafe kai. "Innalillahi! Ka ce ni na yi wa kaina sakiyar da ba ruwa! Wallahi Allah ne ya tsare, sai kuma wannan surukin naka. Ka san ko ni ba ya bari in fitar da keke sai ya gani da idonsa? Ina yake ma? Auta!" Idonsa ya faɗa kan kwalin. "Ji sakarci, ya bar makullai a nan. Bai taɓa yi ba."

"Ni na karɓa, ina gwada ƙofar baya," in ji Mai Ƙararrawa. Ƙaryar ta fito masa da ɗaci.

Ya ƙarasa aikin kamar wanda aka yi wa duka. Ya sauya robobin, ya bi ta gaban kowane ido, suka ƙifta masa. Sannan ya ɗauki makullan ya fita ta ƙofar baya.

Auta na zaune a lungu a kan wani tsohon teburin keke, ya zuba wa bango ido. Mai Ƙararrawa ya tsaya a gabansa, duk girmansa ya zube.

"Mai shago ne ya fesa. Da hannunsa."

"Na ji. Ƙofar a buɗe take."

"Auta, don girman Allah ka yi haƙuri. Shaiɗan ne. Tsoro ne ya kama ni, na ga gwangwani, na ga..." Ya miƙa masa makullan. "Ka yafe mini."

Auta ya karɓa, ya juya su a hannu.

"Zancen gwangwani ba komai, Injiniya. Ko ni ne na gani, zan tambaya." Ya ɗago ya dube shi. "Amma ka ce wancan karon ma. Lokacin da kowa ya juya mini baya, har wanda muka fito ciki ɗaya da shi, in na kwanta abin da nake gaya wa kaina shi ne, ai mijin Yaya ya san ban ɗauka ba. Da wannan na rayu. Ashe wanke ni kawai kuke yi."

"Ba haka ba ne. Wallahi ba..."

Mai Ƙararrawa ya laluba zuciyarsa yana neman ranar da ya taɓa yarda ɗari bisa ɗari cewa Auta bai ɗauki kayan nan ba, ya rasa. Tausayinsa ya ji, matarsa ya duba, amma yarda kam bai taɓa yi ba. Auta kuma yana kallon fuskarsa, ya gani.

Daga ciki Mai Kekuna ya sake ƙwala kira, wai a zo a sauke kaya. Auta ya miƙe, ya kakkaɓe wando, ya maƙala makullan a ƙugu. Ya kai bakin ƙofa sannan ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Kada ka damu, ba zan gaya wa Yaya ba," ya ce. "Ita har yanzu tana alfahari da kai a kan maganata. Bar ta da abinta."

Ya shige ciki. Mai Ƙararrawa ya zauna a kan teburin da Auta ya tashi daga kai, ya rufe fuska da hannuwa, kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Matarsa ce, ya kuma san abin da za ta fara tambaya, don duk ran da ya zo shagon nan sai ta tambaya: ya ya ga Autanta?