Farfela a Ƙofar Akurki

Sabitu mai hatsi na Kasuwar Muda Lawal mutumin kirki ne, sai dai in ya kafe a kan magana ko jaki ya sara masa. Bara, da tsohuwar jif ɗinsa ta fara ƙwas-ƙwas daga ƙarƙashi, ya kai ta garejin Theophilus. Makanikin ya leƙa, ya ce kuros ne ya cinye, ɗan ƙarfen nan mai kai huɗu da farfelar gaba ke juyawa a kansa, ita ce kuwa ke kai ƙarfin inji ga tayoyin gaba. A sa sabo, magana ta ƙare. Shi kuwa Sabitu sai ya zaɓi abin da masu jif da yawa suke yi, ya ce a kwance farfelar ɗungurungum.

"A gari nake, Oga Tiyo. Tayoyin baya sun ishe ni, mai ma zai ragu."

"To ranar da taɓo zai kama ka, da me tayoyin gaba za su ja?"

"Allah ya kai mu ranar."

Ai kuwa Allah ya kai su. Mahaifiyarsa Inna Bintu tana ƙauye a bayan Gubi, yanar ido ta rufe mata idanu biyu, har jikokinta sai da murya take gane su. Likitocin ido suka zo gari, aka ba ta safiyar Litinin a yi mata aiki. In ta rasa wannan, sai baɗi, in ma sun dawo. Sabitu ya shirya ɗauko ta ranar Lahadi, sai ga ruwa ranar Asabar kamar da bakin ƙwarya. Aka bugo masa waya daga ƙauye cewa mashigar rafi ta zama kunu, ko keke ba ya wucewa, tsohuwa kuma ba ta iya zama a babur.

Sai a lokacin Sabitu ya tuna da maganar Theophilus. Ya bi gida yana neman farfela, ɗaki, zaure, bayan buhuna, ko alama.

"Wai dogon ƙarfen nan?" in ji matarsa Ruƙayyatu. "Ai shi ke tokare min ƙofar akurki tun bara. Kai ka ce ba shi da amfani."

Sabitu ya nufi akurkin. Ya zare shi, kaji suka watse a tsakar gida, ya jefa shi bayan mota da kashin kaji da komai.

Ga kuma Lahadi. Gareji a kulle, shagunan kayan mota a kulle, masu su duk suna coci. Sabitu ya je ya tsaya a ƙofar gidan Theophilus, kunya kamar ta kashe shi. Can bayan azahar sai ga mutumin tafe cikin farar riga ƙal. Ya dubi Sabitu, ya dubi farfelar, ya toshe hanci.

"Malam Sabitu, kiwo ka koma da ita?"

"Yi min duk dariyar da za ka yi, na cancanta. Inna ce. Gobe aikin idonta."

Dariyar ta tsaya nan take. Theophilus ya shiga gida, ya fito da ɗan kwali da ya sha ƙura. Sabon kuros ne, ko buɗe shi ba a yi ba.

"Tun makon da ka ce in kwance na saya na ajiye," ya ce. "Na san hanyar ƙauyenku. Ran da na je gyara maka taya a can, Mama ba ta bar ni na tafi ba sai da na sha fura. Na ce wannan mai taurin kan zai dawo."

Ko canza riga bai tsaya yi ba, sai da Sabitu ya roƙe shi, shi ma hannun kawai ya naɗe. Ya fizge zobban da ke riƙe da tsohon kuros, ya bubbuge shi da guduma har ya faɗo. Ƙananan allurorin da ke ciki duk sun zama garin tsatsa. Sabon kuwa lallaɓa shi ya yi, ya dumbuza giris don allurorin su tsaya cik, ya tura kawunan a hankali. Sannan ya shimfiɗa kwali a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya shige ƙarƙashin mota, Sabitu na miƙa masa sifana. Da ya fito, farar rigar nan ta tashi daga aiki.

"In ka isa rafi ka sa giyar taimako, mai sa tayoyin gaba su ja, tun kafin ka shiga. Kada ka yi gaggawa, kada kuma ka tsaya."

Haka ya yi. A dawowa, da Inna a kujerar gaba tana jan carbi, tayoyin baya suka nutse suna watsa laka, motar ta karkace. Sabitu ya ci gaba da taka mai a hankali, bai tsaya ba. Sai ya ji gaban motar ya cafki ƙasa, yana ja, yana ja, har suka hau tudu. Ya goge ido da hularsa, ya gode Allah da Inna ba ta ga hawayen ba.

Ran da aka cire mata bandeji, ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe furfura ka yi, Sabitu, ba wanda ya gaya min."

A hanya ya ba ta labarin farfela da akurki da farar riga, bai rage komai ba. Ta ce ba za ta shiga gida ba sai an biya da ita gareji. Theophilus ya fito da gudu yana goge hannu a wando, ya durƙusa a bakin ƙofar mota.

"Mama, sannu. Hannuna duk baƙin mai ne."

Ta kamo hannun duk da haka, ta riƙe da nata biyu.

"Wancan zuwan muryarka kawai na ji, ɗana," ta ce. "Matso in gan ka."