Kujerar Khairiyya

A cibiyar jarrabawar da ke bakin titin Makarfi, kwamfutocin da ɗalibai ke zama a gabansu ba su da ƙwaƙwalwa. Allo ne kawai da madannai. Tunanin duka yana can ɗakin baya, inda manyan injina uku da ake kira saba, biyu tsofaffi ɗaya sabuwa, ke huci. Uwaisu ne ke kula da su, kuma ya iya aikinsa, wannan ban hana masa ba. Ya saka manhajar jarrabawa a kan kowace saba, ya haɗa su garke ɗaya. Ɗalibi na zama, sai a tura shi wadda kaya ya fi yi wa sauƙi. In ɗaya ta mutu, sauran su ɗauke shi, bai ma sani ba.

Sai aka turo ƙanwarsa Khairiyya cibiyar, za ta rubuta jarrabawar shiga makarantar koyon jinya. Bana ce damarta ta ƙarshe, baɗi shekarunta sun wuce ƙa'ida. Tun daga Likoro Inna Lantana, mahaifiyarsu, take bugo waya.

"Uwaisu, ka duba mini yarinyar nan. Kada a cusa ta cikin jama'a kamar ba ta da kowa."

A gidansu haka ake nuna ƙauna. Wanda ake ji da shi ba ya sa hannu a kwanon taro, nasa ake ware masa a rufe. Shi ne Uwaisu ya yi wautar da har yau take ba ni haushi. Ya cire sabuwar sabar daga garken, ya ɗaure kujerar Khairiyya a kanta ita kaɗai, ya bar tsofaffin biyu su yi fama da sauran ɗalibai.

Da farko allonta gudu yake, na maƙwabtanta na jan ƙafa. Ta yi nisa, tana amsa tambayoyi tana murmushi. Sai wani abu ya ƙone a cikin sabuwar, warinsa ya cika ɗakin baya. Allo ɗaya ne tak ya yi baƙi a zauren, na Khairiyya.

Babu sabar da ta ɗauke ta, don ba su san da ita ba. Amsoshinta kuma suna cikin wadda ta mutu. Uwaisu ya mayar da kujerarta garke, amma manhajar ta nuna ta riga ta shiga, ba a shiga sau biyu.

Jami'ar da ke sa ido, Malama Rashida, ta zo ta tsaya a kansa.

"Malam, in matsalar daga sabarku ce, faɗa mini in kai rahoto a sake mata. Amma za a zo a binciki injinan."

Bincike zai nuna an ware kujerar ƙanwarsa. Sunan wannan maguɗi, za a soke sakamakon duk waɗanda ke zauren, ita kuma a haramta mata har abada. Tsoro ya kama shi.

"Sabarmu lafiya lau, Malama," in ji shi. "Ga kowa na aiki. Ina jin ita ce ta danna wani abu."

Khairiyya ta ɗago ta dube shi.

Da yamma ya kai ta tasha. Ta shiga motar Likoro, ta leƙo ta taga, idanunta sun kumbura.

"Yaya, ka yafe mini, na ba ka kunya a wurin aikinka. Wallahi ban san me na taɓa ba."