Ƙafafun Dogo

Babban ambulan, da shafin tsakiya a ciki. Kyamarar makaranta a jakarta mai tsinkakkiyar igiya da aka ƙulla. Jaridar wannan watan. Lemo a leda. Katin gaisuwa da 'yan aji suka sa wa hannu, wasu har sau biyu don ya cika.

Abin da Edita ke ɗauke da shi ke nan a kujerar bayan bas. Ta ɗora ambulan a cinya ta dafe shi don kada ya lanƙwashe. Edita ake ce mata tun da 'yan ajin jarida suka zaɓe ta ta riƙe jaridar makaranta da kundin shekara, wato littafin da ake bugawa da hotunan masu fita daga ajin ƙarshe. Har ƙannenta a gida sun kama sunan. Gobe kundin zai tafi maɗaba'a. Shafi ɗaya ya rage, kuma ba gyara yake jira ba. Yardar Mai Hoto yake jira.

Mai Hoto ɗan ajinsu ne, shi ke ɗaukar wa jarida hotuna tun suna ƙananan aji. A farkon zangon nan mota ta kwashe shi a kan babur, likitoci suka yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa. Tun lokacin bai koma makaranta ba. Da aka zo haɗa kundin, aka bincika kwamfutar ɗakin jarida kaf, ba a sami hotonsa ko ɗaya ba. Kowa na ciki, har magen ɗakin girki, ban da shi. Kullum yana bayan kyamara. Na katin shaidarsa kaɗai aka samu, ya ɗaure fuska kamar wanda aka kama da laifi. Hoton aji kuwa bayan hatsarin aka ɗauka.

Injiniya, yaron da ke tsara shafuka, shi ya kawo dabara. Ya kwafi jikin Dogo, wani ɗan ajinsu mai tsayi, daga layin baya, ya tsayar da shi a ƙarshen layin inda bango ne kawai, ya ɗora masa kan Mai Hoto. Da ya haska a allo, aji ya ɗauki tafi, wata yarinya har da hawaye. Malamar jarida ce kaɗai ba ta tafa ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "A jarida ba zan yarda ba. Kundi kuwa naku ne. Amma sai mai fuskar ya gani ya ce to."

Edita ta ce ita za ta kai. A ranta kyauta za ta kai masa.

Ta sauka inda kwalta ta ƙare, ta bi lungun da aka kwatanta mata har gida mai koriyar ƙofar ƙarfe. Mahaifiyarsa ce ta buɗe, hannunta da kumfar sabulu.

"Lale, 'yata. Shigo. Yana falo. Can muka mai da shi, ɗakinsa akwai matakala."

An tura kujerun falon jikin bango, an sa gado a ƙarƙashin taga. Sanduna biyu na jingine a kusurwa. Mai Hoto na zaune a gadon, zane a rufe da cinyarsa. Ya rame, gashi ya taru.

"Edita da kanta," ya ce. "Wa ya mutu?"

"Bakinka dai bai mutu ba."

"Shi ba su taɓa ba. Me kika kawo mini? Lemo. Kowa lemo. In aka matse ni yanzu ruwan lemo zai fito."

Ta zauna a kujerar da ke kusa, ta miƙa masa katin. Ya duba sama-sama ya ajiye. Jaridar ya karɓa da hannu biyu. Ya buɗe, ya ja tsaki.

"Wa ya ɗauki wannan?"

"Wata 'yar aji huɗu. Tana ƙoƙari."

"Ta yanke wa shugaban makaranta kai. Ƙoƙari ne, na yarda. Da yawa sun so yi ba su iya ba." Ya juya shafi. "Wannan kuma wasan ƙwallo ne ko hayaƙi?"

"In ka matsu ka dawo ka ɗauka."

Ta ji maganar ta faɗi ƙasa tsakaninsu, sai ta yi sauri ta buɗe ambulan.

"Ga abin da ya kawo ni. Shafin tsakiya ne. 'Yan aji suka ce a nuna maka."

Ya karɓa, ya karkata takardar wajen taga. Ta ga idonsa na bin layi-layi, na zaune, na durƙushe, na tsaye, har ya kai ƙarshen layin baya. Ya tsaya nan. Ta jira murmushi.

"Rana daga hagu take dukan kowa," ya ce. "Ni kaɗai take duka daga dama. Rana ta daban aka ba ni?"

"Ba wanda zai lura."

"Injiniya ne, ko?"

"Shi ne."

"Ya iya wuya. Wuyan ya zauna." Ya matso da takardar kusa da hancinsa. Sai ya tuntsire da dariya, har zanen ya zame, ya kamo shi da sauri. "Ke, Edita! Takalmin Dogo ne wannan. Ga igiyar nan ja da yake ɗaurewa. Ga shi can a tsakiya, ga shi nan kuma. Dogo biyu a aji ɗaya! Ɗaya ma da kyar muke ciyar da shi."

Ta yi dariya ita ma, don ta ga yana yi. Amma tasa ta ƙare kafin tata.

"Kun ba ni ƙafa biyu," ya ce a hankali. "Abin da likita ya kasa, Injiniya ya yi da yamma ɗaya."

"Ba haka muke nufi ba."

"Na san abin da kuke nufi."

Mahaifiyar ta shigo da ruwa a faranti. Ta ajiye, ta leƙa ta kafaɗarsa. Ba ta nemi layi ba, kai tsaye idonta ya sauka a kansa. Ta goge hannu a zaninta kafin ta karɓi takardar. Ta sa ɗan yatsa a fuskar, ta ja shi ƙasa a hankali har takalmin.

"Tubarkalla," ta ce. "Ka ga yadda ka tsaya."

"Ba ni ba ne, Umma. Dogo ne."

"Ni kai na gani."

Ta fita da takardar a hannu, ba ta tambayi kowa ba. Suka ji ƙofar ɗaki ta rufe.

"Ki cire ni," Mai Hoto ya ce.

"In na cire ka, ba ka cikin hoton aji. Sam."

"Da ma ba na ciki. Ranar ina asibiti ana wanke mini dungulmi."

Kalmar ta doke ta, amma ba ta kawar da kai ba. Ta jawo jakar, ta zaro kyamarar.

"To bari in ɗauke ka yanzu. Daga ƙirji zuwa sama. Mu sa a ɗan da'ira a gefen shafi, kamar yadda ake wa malaman da suka yi tafiya."

"Kamar yadda ake wa matattu, kike nufi."

"Kai fa ba a iya maka."

"Ba a iya mini." Ya miƙa hannu. "Kawo."

Ta ba shi. Ya juya kyamarar, ya hura gilashin, ya goge da gefen rigarsa. Ya kunna, ya danne-danne, yana girgiza kai.

"Shi ya sa hotunanku ke fita kamar an shafa musu mai. Wa ya taɓa nan? Ki ce wa yarinyar ta bar shi yadda na sa. Kuma ta riƙa ja da baya kafin ta danna." Ya ɗaga kyamarar zuwa idonsa, ya auna taga, ya auna sandunan da ke kusurwa, ya sauke bai danna ba. Ya mayar mata.

"Ki ji, Edita. Wannan," ya nuna zanen da ke cinyarsa, "ban shirya a gani ba tukuna. Wancan kuwa ƙarya ce. Wata rana wani zai buɗe littafin ya nuna wa ɗansa, ya ce ga abokinmu mai ƙafa ɗaya, yaron ya ƙirga ya ga biyu. Ko ni in buɗe. Kin taɓa tunanin ni in buɗe?"

Ba ta taɓa ba. Ta yi tunanin tafin aji, da yadda shafin ya cika ba gurbi.

"Hotuna nawa nawa kuka sa a kundin?"

"Kusan duka na zangon bara naka ne. Da na gasar gudu. Da na bangon littafin."

"Da sunana a ƙasa?"

"Kowane ɗaya."

"To ina ciki. Na fi Dogo yawa ma, duk da shi biyu ne."

Ta mayar da kyamarar jaka. Ta sha ruwan don kada a ce ba ta sha ba. Ya tambaye ta wa ya ci zaɓen shugaban ɗalibai, ta gaya masa, ya ce an yi asara. Da ta miƙe ya ce ta gaida Malama, ta kuma ce wa Injiniya wuyan ya yi kyau, da gaske yake.

Mahaifiyar na jiranta a bakin ƙofar gida. Takardar na hannunta, ta naɗe ta cikin tsabtataccen ɗankwali.

"'Yata, na ji abin da ya ce. Kada ki biye masa. Zafin ciwo ne ke magana. Nan gaba shi zai gode miki."

"Mama…"

"Ni na haife shi. Na san shi tun bai san kansa ba. Ku bar shi a cikin 'yan'uwansa, a tsaye. Me zai rage ku da shi?" Muryarta ba ta rawa, idon ne kawai ya kaɗa. "Ko hoto ɗaya ba ni da shi yana tsaye da kayan makaranta. Kullum shi ke ɗaukar mutane."

Edita ta dubi ɗankwalin. Malama ta ce a dawo da shafin, don a kansa ake yin alamar gyara. Ta gyara igiyar jakar a kafaɗa.

"Ki riƙe wannan, Mama. Naki ne."

"Na littafin fa?"

Edita ta sunkuyar da kai. Matar ta dube ta, ta daɗe, kamar mai neman wata ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Ba ta samu ba.

"Allah ya kiyaye hanya," ta ce. "Ki gaida mutan gida."

Ta ja ƙofar ƙarfen ta rufe, sakata ta shiga.

Edita ta tsaya a lungun ta kira Injiniya. Ya ɗauka da ihu, ana jin hayaniyar ɗakin jarida a bayansa.

"Yaya? Ya yi kuka? Ki ce ya yi kuka!"

"Ya ce wuyan ya yi kyau."

"Na gaya muku! To in tura?"

"Cire shi."

"In cire wa? Ke, kin san abin da 'yan aji za su yi mana kuwa?"

"Ka ce ni na ce. Ka mayar da hoton yadda aka ɗauke shi, da bangon a ƙarshen layi. Haka zai tafi maɗaba'a."