Rigar Faifai a Kan Kabbasa

Amamata tela ce, kuma duk matar da ta taɓa yin biki tsakanin unguwannin Deptford da Lewisham, can Turai, ta san ɗan ɗakin ɗinkinta da ke bayan shagon masu doya da manja. Leshi, atamfa, shadda, babu wanda bai bi ta ƙarƙashin kekenta ba. Abu ɗaya ne ta ce hannunta ba zai taɓa ba: kayan rawar 'yarta Mufeeda.

Tun Mufeeda tana ƙarama aka ba su shawarar a sa ta rawar Turawa ta bale ko ƙafarta ta miƙe. Ƙafa ta miƙe, rawa kuma ta ƙi fita. Ga ta yanzu ta zama budurwa, har makarantarsu ta ba ta rawar da za ta yi ita kaɗai a wasan ƙarshen shekara. Rigar wannan rawa guda ɗaya ce tal, tsohuwa, ta girmi Mufeeda nesa ba kusa ba. Misis Doreen, tsohuwar da ke kula da ɗakin kayan rawa na makarantar, ta ba da aronta a matsar da ƙugiyoyin baya, ta kuma faɗa ƙarara cewa in rigar ta lalace, an soke rawar ke nan.

Sunan da Turawa ke kiran irin wannan riga ba ya faɗuwa da Hausa a gaban manya, don sunan kashi ne, shi ya sa Amamata ke ce mata rigar faifai. Haka take kuwa, siket ɗin a baje yake daga ƙugu, bai rufe komai ba.

"Umma, don Allah, ƙugiyoyin kawai," in ji Mufeeda. Da Turanci ta faɗa, kamar kullum. Hausa tana jin ta sarai, mayarwa ce ba ta yi. "Kuma an ce kada a wanke."

Amamata ta ja tsaki, amma ta karɓa. Da yarinya ta wuce makaranta ta zauna ta matsar da ƙugiyoyi, aikin da bai kai a dafa shayi ba. Sai da ta kai rigar kusa da hanci ta ce, "Wa'iyazubillahi!" Gumin 'yan matan da suka riga ta sawa duk yana ciki, ga wani tsami-tsami da daga baya ta ji cewa giya ce suke fesawa don kashe wari. Giya, a jikin 'yarta! An ce kada a wanke, to ba ta wanke ba. Amma kaya ba sa fita daga hannun Amamata ba turare, ko na wace ce.

Ta hura gawayi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta na Maiduguri wanda take ɓoyewa don amare, ta kifa kabbasa, kwandon turara kaya, ta ɗora riga a kai. Wata mai kawo ɗinki ta leƙo, aka shiga gardamar wuyan riga. Ƙarar na'urar gargaɗin hayaƙi ce ta dawo da ita. Net, yadin raga da aka yi rigar da shi, ba atamfa ba ne. Shimfiɗun ƙasa na siket ɗin sun narke sun ƙanƙance, sun yi baƙi kamar ledar da ta faɗa murhu.

Gabanta ya faɗi ƙwarai. Ba ta son rawar nan, gaskiya ne, amma ta san yadda yarinyar ke dawowa da yatsun ƙafa a fashe ba ta taɓa cewa wash ba. Ta saɓa mayafi ta nufi kasuwa ta samo farin net mai ƙarfi, ta farke abin da ya ƙone, ta ɗinka sabo. To, a nan ne zuciya ta raya mata cewa tunda an zo gyara, ai sai a gyara duka. Ta bar sabon net ɗin ya sauko har gwiwa.

Da kanta ta kai rigar. Ɗakin kayan yana can ƙasan bene, ga riguna an rataye su kai a ƙasa don kada su saki. Ta faɗa wa Misis Doreen abin da ya faru ba ƙari ba ragi.

Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. Ta juya rigar, ta bi ɗinkin da yatsa, ta shinshina, ta yi atishawa. Sannan ta nuna hotunan da ke jere a bango.

"Kin ga ta farko? A fadar sarakunan Turai aka soma, riga har ƙasa, ga nauyi, ga takalmi mai tsini. Mace ba ta iya tsalle. Aka rage ta zuwa idon sawu, mutane suka ce an lalace. Waccan fara mai shara-shara har ƙwauri, ita ta biyo baya. A zamaninta da fitilun gas ake haska dandamali, akwai 'yan matan da rigarsu ta kama wuta suna cikin rawa. Ba ke kika fara haɗa ta da wuta ba."

"To ai ga mai tsawo nan," in ji Amamata, ta nuna farar. "Ashe kuna da ita. Me ya hana a ba 'yata?"

"Wancan wasa daban ne. Rawar Mufeeda duk a ƙafa take, juyi ne da sauri, shi ya sa aka ƙirƙiro wannan gajeren. Shimfiɗar sama ce mafi faɗi, na ƙasa suna raguwa, su ke tallafe ta ta tsaya. Naki zai naɗe mata a gwiwa ta faɗi a gaban jama'a." Ta ɗauko almakashi ta ajiye a kan tebur. "Ɗinkinki ya yi. Tsawon ne ba zai yiwu ba. Hannuna yana rawa yanzu, ban iya yanka net daidai. Ko ki yanke, ko in cire sunanta."

Amamata ta kalli almakashi. Ita da ke ƙara wa 'ya'yan mutane tsawon siket a ɓoye, iyayensu na sa mata albarka, yau ita za ta rage na 'yarta? Ta tuna matan masallaci, da bakin da za su yi in hoto ya fita. Ranta ya ɓaci sosai, har ta ɗauki jakarta.

Sai ga Mufeeda a bakin ƙofa, an kira ta daga aji, gumi na zuba a wuyanta. Ta dubi rigar, ta dubi net ɗin da ke lilo har gwiwa, ta gane komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙa ba. Ta tsaya kawai, duga-dugai a haɗe, yadda aka koya mata tsayuwa.

Amamata ta aje jaka. "Nawa ne awon?" ta tambayi tsohuwar.

Misis Doreen ta riƙe tef, ita kuma ta yi bisimilla ta sa almakashi. Shimfiɗa bayan shimfiɗa, farin net yana zuba a kan ƙafafunta. Hannunta bai karkace ba ko sau ɗaya, amma ba ta ɗago kai ba har ta gama.

Aka sa wa Mufeeda riga, uwar ta ɗaura mata ƙugiyoyin baya. Faifai ya tsaya cak. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta shaƙi wuyan rigar, ta daɗe a haka.

"Umma," ta ce, da Hausa, "turarenki na amare kika sa mini."

"Tsaya daidai, ke," in ji Amamata, ta durƙusa tana tsince zare.