Gwiwar Ɗan Roscoe

Elwood Pruitt ya buɗe ɗakin ɗaurin 'yan wasa da ƙarfe shida na safiyar Laraba, ya tarar da Lamont Gaither zaune a kan benci, ƙafar hagu a miƙe.

Shekara arba'in da ɗaya Elwood yana ɗaure gwiwa da idon sawun 'yan wasan ƙungiyar ƙwallon Amurka ta garin da farar filasta. Bana mako uku kacal da fara kakar wasa, an riga an ci su sau biyu. Mai jefa musu ƙwallo ya karya kafaɗa. Ƙartin da ke tare masa gaba, biyu suna dogara sanda. Lamont kaɗai ya rage, mai gudu da ƙwallo, kuma shi duk gari ya zuba wa ido.

"Baba, ka makara," in ji Lamont, yana dariyar dole.

"Masu lafiya ba sa riga ni zuwa ɗakin nan. Ɗage wandon."

Gwiwar ta kumbura suntum. Elwood ya kama ƙwaurin ya ja a hankali. Ya ji ƙashin ya biyo shi, ba abin da ya riƙe shi.

"Tun yaushe?"

"Lahadi."

"Likita ta gani?"

"In ta gani, kafin tsakar rana sunana ya shiga jerin masu rauni. Ga wani sabon ɗan wasa daga jihar Alabama can yana jiran gurbina. Ka yi mini irin ɗaurin da, Baba. In sa dogon wando a kai. Wa zai sani?"

Irin ɗaurin da. Elwood kaɗai ya rage da ya iya shi. Ya koye shi a tsohon fili, lokacin ciyawa ta gaske da laka, lokacin da maza ke cire hular kwano cikin dusar ƙanƙara tururi na tashi daga kawunansu. Babu na'urar ɗaukar hoton ƙashi a lokacin. Hannunsa ne likita. Mutum ya shigo da ɗingishi, ya fita da gudu.

Akwai wani tsohon hoto a bango. Roscoe Gaither, mahaifin Lamont, ya ɗaga Elwood a kafaɗa ranar da suka ci kofi. Wasa goma sha ɗaya a jere Elwood ya ɗaure masa irin wannan gwiwar a waccan kakar. Har yau duk Talata yana kai masa ziyara, su sha kofi, Roscoe ya ce, "Elwood, mun yi zamani." Shekara tara ke nan Roscoe bai hau benen gidansa ba saboda gwiwar.

"Babana ya ce ba a taɓa yin mai hannu irin naka ba," in ji Lamont.

"Babanka a falo yake kwana."

"Bai taɓa yin nadama ba."

"Shi ne bai yi ba."

Lamont ya miƙa hannu ya ɗauko naɗin filasta, ya danƙa wa Elwood a tafin hannu. "Wasa ɗaya, Baba. In muka sake faɗuwa, bana ta ƙare. Kai ma ka sani."

Elwood ya sani. Babban yatsansa har ya lalubo bakin filastar da kansa, kamar kullum. Warinta ya bugi hancinsa, warin nan na tsohon fili.

A waje aka ji ƙarar rufe ƙofar mota. Likita ta iso.

Elwood ya mayar da filastar kan kanta.

"Ba zan ɗaure ba."