Wanda Ya Buɗe Taswirar Rugage

Sumaiya Kabo ita ce jami'ar tsare-tsare a wata ƙaramar ƙungiya mai zaman kanta da ke yi wa shanu allurar rigakafi a ƙasar Kankiya da Kusada. Ofishinsu na saman wani shagon taki, tagarsa na kallon titi. Su uku ne a ciki, kowa da irin kwamfutarsa. Malam Badamasi, shugaban ofis, tsohuwar kwamfutar tebur gare shi mai Windows. Likita Salman ya dawo daga karatu da Mac ɗinsa, ba ya yarda kowa ya taɓa masa. Ita kuwa Sumaiya, laftof ɗin da masu tallafa musu suka aiko ce a hannunta, da Linux a ciki.

Da filashi suke miƙa wa juna aiki, kuma kullum sai an yi mita. Filashin da ya buɗe wa wannan ya ƙi buɗe wa wancan. In Sumaiya ta sa wa fayil suna mai ƙa ko ɗa, sai ya isa wurin Malam Badamasi da alamar tambaya a tsakiyarsa. Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne ranar da Likita Salman ya ɗauki tsohuwar taswira ya tafi da magani wata ruga a bayan Rimaye, ya tarar da kufai, mutanen sun tashi tun farkon damina. Ita ta gyara a tata kwamfutar, gyaran bai kai gare shi ba.

Taswirar nan ita ce ƙashin bayan aikinsu. Tana nuna inda kowace ruga take, inda garke ke kwana, burtalin da yake bi zuwa mashaya, da filin da za a tara shanu ranar allura. Makiyaya ba sa faɗa wa baƙo irin wannan, balle a zamanin da ɓarayin shanu suka addabi ƙasa. Ardo Bubayero na Mawashi ne ya tsaya mata, ya bi ruga ruga yana cewa yarinyar nan mai amana ce, abin da aka faɗa mata ba zai wuce ɗakinta ba.

Don kada a sake irin kuskuren Rimaye, ta kawo shawarar a buɗe folda ɗaya a kwamfutar Malam Badamasi, wadda duka ukun za su riƙa shiga ta wayifai ɗin ofis. Aka kira Zakiyyu, mai shagon gyaran kwamfuta a bakin tasha. Ya wuni yana fama. In laftof ɗin Sumaiya ta shiga, sai Mac ta ce ba ta san lambar sirrin ba. In ya lallaɓa Mac, sai Sumaiya ta ga folda amma ta kasa ajiye komai. Da la'asar ta kawo jiki, Malam Badamasi ya gaji.

“Kai Zakiyyu, in an cire lambar sirrin nan gaba ɗaya fa?”

“Za su shiga duka, Yallaɓai. Amma duk wanda ke kan wayifai ɗinku shi ma zai iya shiga. Ku ba ni gobe in daidaita shi yadda ya kamata.”

“Wa ke kan wayifai ɗinmu in ba mu ba? Cire kawai. In mun samu sarari ka dawo.”

Sumaiya ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga foldar ta bayyana a allonta da na Likita lokaci ɗaya, daɗi ya kama ta, ta fasa. Sararin kuwa ba a taɓa samunsa ba.

Kaka ta shigo, aka fara shirin allurar ciwon huhu. Wata ranar Talata da hantsi Sumaiya na ofis ita kaɗai. Malam Badamasi ya tafi taro Katsina, ya bar kwamfutarsa a kunne saboda foldar. Likita Salman yana Kusada da tasa a jaka. Ta danna taswirar don ta ƙara wata mashaya, sai wani ɗan saƙo ya fito mata: ba za ta iya gyara fayil ɗin ba, wani na amfani da shi yanzu.

Ta ɗauka a tsohuwar kwamfutar ce aka bar taswirar a buɗe. Ta tashi ta duba. Babu komai a allon sai hoton jikokin Malam. Ta kira Likita.

“Likita, kai ne ka buɗe taswira?”

“Ni da ke cikin garke? Ko kunna ta ban yi ba yau. Kuma daga Kusada ta ina zan shiga?”

Ta ajiye wayar a hankali. Ta sake dannawa, saƙon ya sake fitowa. A gurbin sunan mai amfani da fayil ɗin babu suna.

Wayifai ɗinsu ba ya nisa. Duk wanda ke karanta taswirar nan yana kusa, ko a ƙasan benen ko a tsallaken titi. Ta matsa jikin taga ta ɗaga labule kaɗan. Titi na nan yadda ta san shi. 'Yan acaɓa a gindin dalbejiya, kowa kansa a kan waya. Bencin mai shayi cike da mutane. Ana loda buhunan taki a amalanke. Can gefe wata mota mai baƙin gilashi a tsaye, injinta na aiki. Babu wanda ya ɗago ya dubi tagar, amma sai ta ji kamar duk titin ya san tana tsaye a wurin.

Ta koma da baya ta fizge wayar rauta, na'urar da ke ba su wayifai, daga bango. Fitilunta suka mutu. Ta dawo taga. Wani ɗan acaɓa ya girgiza wayarsa ya yi tsaki. Motar ta ɗan jima, sannan ta ja a hankali ta bi hanyar Kano. Ko ita ce, ko ba ita ba ce, Sumaiya ba ta sani ba.

Zakiyyu ya zo bayan azahar. Ya duba rautar ya daɗe, fuskarsa na canzawa.

“Malama, mutum nawa kuka ba lambar wayifai ɗin nan?”

Ta fara tunani. Malam ya ba mai shagon taki. Likita ya ba abokansa. Ita da kanta ta rubuta ta a allo ranar da suka yi taro da baƙi.

Zakiyyu ya ce, “Wayoyin hannun da ke kan wayifai ɗin nan ban damu da su ba. Amma ga wata kwamfuta nan da ba taku ba. Ba yau ta fara zuwa ba, ta saba. Kuma wanda ya iya buɗewa ya iya kwafa.”

Ya kulle foldar, ya sa wa kowa lambarsa, ya canza ta wayifai. Wannan karon babu wanda ya ce masa ya yi sauri.

Da Malam Badamasi ya dawo ya ji labari, ya zauna ya cire hula ya riƙe a hannu.

“Tunda an rufe, ai shi ke nan. Wataƙila wani ɗalibi ne mai karambani. Sumaiya, in Fulanin nan suka ji, ba za su sake buɗe mana baki ba har abada. Aikin ya mutu ke nan.”

“Yallaɓai, ranar Asabar za a tara shanun rugage da yawa a fili ɗaya. Filin na cikin taswirar, da ranar.”

“In kuma ba komai ba ne fa?”

“In ba komai ba ne, mu ne muka ji kunya. In kuma wani abu ne, ba mu za a shiga wa gida ba.”

Bai ce ta je ba, bai kuma hana ta ba. Ya dai miƙa wa Likita makullin mota.

Washegari suka iske Ardo Bubayero a inuwar tsamiya kusa da rugarsa. Sumaiya ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ta ce masa kamar rumbu ne su uku suke ɗiba a ciki, ƙofarsa ta yi musu wuyar buɗewa, sai suka cire ƙofar.

Ardo ya ɗago ya dube ta.

“Wanga mutum, mi ya gani?”

“Duka, Baba Ardo. Makwanci, mashaya, hanya.”

“Har tawa?”

“Har taka.”

“Ɗiyata, ni na ce masu ke mai amana ce. Da bakina.”

Ya miƙe ya kira 'ya'yansa da Fulatanci, muryarsa ba ta ɗaga ba, amma nan take rugar ta motsa. Aka tura babura zuwa sauran rugage. Aka fasa allurar Asabar. Kafin rana ta faɗi mata sun fara kwance bukkoki, garke bayan garke na barin inda ya saba kwana. Wasu suka matsa kusa da gari, wasu suka nausa inda ba su faɗa wa kowa ba, har Sumaiya.

Mutum ɗaya ne bai tashi ba, Jaji, da ke zaune a gabashin Bauranya. Matarsa ta haihu ba a yi suna ba, ya ce ba zai ɗaga mai jego saboda maganar kwamfuta ba.

Ranar Asabar manoman da ke yankan gero kusa da filin allura suka ga babura sun zo, goyon biyu biyu, fuskoki a rufe. Suka zagaya filin, suka tarar ba ko maraƙi, suka tsaya suna waya, sannan suka juya. Ba su yi wa kowa magana ba. Ran Lahadi da sassafe, shanun Jaji na kan burtali za su mashaya, aka tare su a daidai kwanar da hanyar ta ƙuntata tsakanin gonaki. Aka kora mafi yawansu. Ƙanensa da ke kiwon ya tsira da sara a kafaɗa.

An kai rahoto, an yi tambayoyi, an kira mai shagon taki da Zakiyyu an sallame su. Ba a gano mai kwamfutar ba. Wasu na cewa ɓarayin sun daɗe da sanin burtalin nan, ba sa buƙatar taswirar kowa. Sumaiya ta so ta yarda da haka, ta kasa.

Bayan suna, Jaji ya hawo benen ofishin da sandarsa. Bai karɓi kujerar da Malam Badamasi ya jawo masa ba. Ya dubi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya.

“Malama, cikin wace gidana yake?”

Ta nuna masa. Ya sunkuya ya ga ɗan ɗigon da ke ɗauke da sunansa, da siririn layin da ya tashi daga nan zuwa ruwa.

“Ki hidda ni.”

Ta goge ɗigon da layin a gabansa, ta buɗe a kwamfutar Malam da ta Likita ya ga babu.

“Wadda ke hannun wancan mutumen fa?”

“Wannan ba ni da iko da ita, Malam Jaji.”

Ya gyaɗa kai kamar dama abin da ya zata ke nan. Ya ce sauran shanun da suka rage zai kai su wajen dangin matarsa can gefen Maraɗi, da zarar ƙanensa ya iya ɗaga hannu. Malam Badamasi ya fara ba shi haƙuri, Jaji ya ce Allah ya riga ya rubuta, ya yi musu sallama ya sauka.

A shekarar nan rugage kaɗan ne suka karɓi allura, su ma sai dai Likita ya je inda aka ce ya tsaya a bakin hanya, a zo a tafi da shi. Ciwon huhu ya shiga garkuna biyu a yammacin Mawashi kafin damina ta dawo.