Maɗacin Ƙasa a Bayan Ɗaki

Matata Bara'atu ita ce mai maganin murɗar ciki a unguwarmu a Tambuwal. Maganin kuwa saiwar maɗacin ƙasa ne, wani tsiro mai yaɗo da take samu a kurmi ɗaya tak wajen Kebbe, cikin tsakuwa, ƙarƙashin inuwar kanya. Duk kaka sai ta je, ta yanki gefen saiwa, ta mayar da ƙasa ta rufe sauran.

Shekarar da mayaƙan Kabawa suka matsa wa hanyoyi da hari, sai ni, sarkin dabara, na ce ba za ta ƙara zuwa ba. Na kora jaki na tafi, na tone tsiron kakaf, ko na iri ban bari ba. Na dasa a bayan ɗakinta, na zuba takin awaki, ina ban ruwa safe da maraice.

Da ta gani sai ta dafe ƙirji. "Malam, dukka kat tono? Wanga hakin ba shi son daɗi. Wahala ka ba shi ɗaci."

Na yi dariya, na ce mata ba a taɓa jin wanda ƙoshi ya ɓata ba. Ganye ya fito shar, saiwa ta yi kauri kamar damtsen jariri. Duk baƙon da ya shigo sai na ja shi bayan ɗaki ya ga aikina. Ita dai ta daina ba mutane magani, ta ce hannunta ya gaji. Ban tambayi dalili ba, wauta ce ta hana ni.

Da damina ta biyu murɗa ta kama ta ita kanta. Na tono saiwa mafi girma, na daka, na jiƙa, na kai mata ina taƙama. Ta daɗe tana kallon ƙwaryar. Ta shanye, ta yamutsa fuska.

"Da ɗaci, Malam," in ji ta. "Ka kyauta."

Kwana uku tana sha tana yamutsa fuska, ni kuma ina jiran sauƙi. Ran na huɗu muka kai ta makwancinta.

Da na dawo daga maƙabarta na tarar da ragowar jiƙon a ƙwarya. Na kurɓa don in ji abin da ta ji. Ruwa ne salam, wallahi, ko ɗigon ɗaci babu.